Akwatunanmu ba su iso ba, kuma gobe jirgin ruwa zai tashi

Maman Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah wanda ya san kan tafiya shi taimaka min, hankalina a tashe yake. Yanzu haka ni da Alhaji muna Barcelona ta ƙasar Sifaniya, akwatunanmu duka biyu ba su fito ba, kuma gobe Lahadi da yamma jirgin ruwan da za mu shiga zai bar tasha.

Bari in faro daga tushe, don na san za a tambaya mi ya kai mu. Ɗanmu babba da ke aiki Jamus shi yab biya komai. Tun da Alhaji ya yi ritaya yaron nan ke cewa sai ya kai mu mun huta. Ni Umra na so, yac ce wannan karon teku za mu gani, irin jirgin nan mai kamar otal da ke yawo gari gari har mako guda. Da shi anka shirya tafiyar, ana saura kwana kaɗan wurin aiki sunka hana shi hutu, kuɗi kuma an riga an biya. Dangin Alhaji sun yi ta magana, ƙanwarshi har gida ta zo tana cewa wai ni na zuga yaron. Ban tanka mata ba. Na kai ɗinki, tela ya ja min rai har daren tafiya, atamfa da leshi da shaddodin Alhaji duk sababbi, ko sau ɗaya ba a sa ba. Ga turaren wuta da humra da ƙawata ta haɗa min.

Daga filin jirgin Ambursa na Birnin Kebbi munka tashi zuwa Abuja, munka kwana gidan ƙanwata, washegari da dare munka ɗaga. Jirgin ya makara wajen tashi, saboda haka inda munka canza jirgi gudu munka yi, Alhaji na haki. Da munka sauka nan mun tsaya gaban bel har ya daina juyawa. Wani ma'aikaci yac ce wata magana mai kama da jirgin baya zai kawo. Direban da yaron ya kama mana na ta turo saƙo zai tafi, ƙafafun Alhaji sun kumbura, sai munka taho masauki. Daga ni sai kayan jikina da hijabi da sallaya. Shin mu shiga jirgin ruwan ko mu tsaya? In kayan sun zo bayan mun tafi, ina za a kai su?

Ɗan Jega: Subhanallahi. Allah shi bayyana, Hajiya.

Baban Ikram: Wa alaikumus salam. Hajiya, tambaya ɗaya kafin komai: kun cike fom ɗin ɓatan kaya kafin ku fito daga filin jirgi? Sun ba ku takarda mai lamba?

Maman Khalifa: Ba mu cike komai ba. Ai sun san kayan ba su zo ba, su da kansu sunka auna su Abuja. Kuma da kun ga halin da Alhaji ke ciki ba za ku ce a tsaya layi ba.

Baban Ikram: To nan gizo ke saƙar. In babu wannan fom, a wurinsu kun ɗauki kayanku kun tafi. Sunansa PIR, kuma kamfanin jirgin da ya sauke ku Barcelona shi ke da alhakin neman kayan, ko da a Abuja aka bar su. Ku duba bayan takardar shiga jirgi ko bayan fasfo, akwai 'yar sitika da aka manna a wurin awo, mai lamba ta adadi 10 a jere. Ita ce shaidarku. Ku ɗauke ta ku koma filin jirgi yanzu, ba gobe ba. Bas na tashi daga tsakiyar gari, wajen minti 35 ne. Ba lallai su bar ku ku koma ɗakin bel ba tunda kun fito, sai ku nemi teburin kamfanin a sama su kira masu kula da kaya. Za a ba ku lamba mai harafi 5 da adadi 5, ta fara da BCN, wato alamar filin jirgin Barcelona. Da ita ake bin kaya a manhajar WorldTracer wadda yawancin kamfanonin jiragen sama ke aiki da ita.

A fom ɗin kada ku rubuta adireshin otal kawai. Ku sa sunan jirgin ruwan, lambar ɗakinku a ciki, da jerin garuruwan da zai tsaya tare da ranakunsu. Jirgin ruwa ba ya jiran akwati, ko mutum ma ba ya jira. Ku shiga abinku. Kuna shiga ku kai kwafin takardar teburin kula da baƙi, su suna da wakili a kowace tasha, shi zai karɓi kayan daga masu kawowa ya shigar muku. Ni ɗan kasuwa ne, hanyar Sin da Dubai na sha wannan. Ku bi abin da na faɗa kawai.

Hajiya Inno: Hmm. Ni kam na daina yarda da maganar za a kawo. Shekarar da munka sauke farali haka anka yi da jakata, anka ce tana jirgin baya. Sai da zumuɗin dawowa ya wuce, masu zuwa barka sunka gaji da jiran tsaraba, sannan ta iso, zif a ɓalle, dabino da bagaruwa rabi. Har yau surukata na ganin ɓoyewa na yi. Wa za ka kai ƙara?

Abu Gusau: Ku yi haƙuri in faɗi gaskiya. Mutane na nan ba su iya zuwa gona, wasu sun baro ƙauyukansu suna kwana makarantu, ku kuma kuna can kuna neman shawarar leshi a teku. Kuɗin nan marayu nawa zai ciyar?

Maman Khalifa: Malam Abu, ɗana ne ya ga dama ya kyautata wa iyayenshi da guminshi. Abin da muke yi wa mabuƙata ba sai na kawo nan na lissafa ba. Shawara na nema.

'Yar Argungu: A bar wannan dan Allah. Mama, kun ce ƙafafun Baba sun kumbura kuma yana haki. Yana shan wani magani? Ina maganin yake?

Maman Khalifa: Shina shan na hawan jini da na suga. Suna cikin babban akwati. Maƙwabciyata tac ce in an ga magani da yawa a jakar hannu ƙwacewa ake yi, shi ya sa na sa ƙasa. Akwai 'yan ƙwayoyi aljihunshi da za su kai jibi.

'Yar Argungu: Innalillahi. Mama wannan shi ne maganar, ba atamfa ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ku kira gida a ɗauko hoton kwalin maganin ko katin asibitinsa, a ga ainihin sunan maganin da ƙarfinsa, don sunan da kamfani ya sa a kwali a nan ba lallai su san shi can ba. Kemis a can alamarsa kuros ne kore, amma irin waɗannan sai da takardar likita, saboda haka likita za ku fara gani yau. Ai ba a ba da bizar Shengen, wato ta shiga Sifaniya da yawancin ƙasashen Turai, sai da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000, to ku nemo takardar, akwai lambar waya a jiki. Akwai asibiti a jirgin ruwan amma kuɗi ake biya masu nauyi, kuma ba kowane magani suke ajiyewa ba. In hakin ya ƙaru ko ƙafa ɗaya ta fi kumbura tana ciwo, lambar gaggawa 112 za ku kira, kada ku jira.

Baban Ikram: Ba a fafe gora ranar tafiya. Magani, takardu, kuɗi, gwal da kaya kala ɗaya, jakar hannu ake sa su. Ba wanda ke ƙwace ƙwayoyin hawan jini da ke cikin kwalinsu.

Maman Khalifa: Jakar hannun ƙarama ce, kuma ni ke ɗaukar ta Alhaji ma. Ku maza ba ku san wannan ba.

Ɗan Yauri: Gaisuwa Hajiya. Ni Italiya nake zaune. Fom dole ne, wannan gaskiyar Baban Ikram ce, kuma kamfanoni da dama na bari a cike ta intanet, ɗanku na iya yi daga Jamus in kun tura masa hoton sitikar. Amma ban yarda a sa akwati ya bi jirgin ruwa ba. Jirgin nan da safe yake isa gari, da yamma ya tashi. In direba ya makara da awa ɗaya, kayan sun zauna wata ƙasa, sai an sake mayar da su filin jirgi, a sake nemo wata tasha. Tunda Barcelona zai dawo da ku, ku ce a riƙe muku su nan. Wane gari da wane gari za ku?

Maman Khalifa: Takardar ta ce Litinin Marseille ta Faransa, Talata Genoa, Laraba wani suna mai tsawo kusa da Roma, sai Palermo, sai kwana guda bisa ruwa ba tsayawa.

Ɗan Yauri: Civitavecchia ke nan. In dai sai an kawo, to can za ku ce, don babban filin jirgin Roma na Fiumicino tafiyar kamar awa ɗaya ce a mota daga tashar, kuma jirage na sauka can ba ƙaƙƙautawa. Litinin ta yi kusa, filin Genoa kuma ƙarami ne.

Baban Ikram: Ɗan Yauri, kana so dattijo ya yi mako da riga ɗaya? Yawancin kayan da suka makara wajen canjin jirgi suna isowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ƙila ma yanzu suna Barcelona ba mai nema. Shi ya sa na ce su je da ƙafarsu, zuwa da kai ya fi aike. Kuma Hajiya ku sani kuna da haƙƙi. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Nijeriya da ƙasashen Tarayyar Turai duk suna ciki, ta ɗora wa kamfani biyan asarar da jinkirin kaya ya jawo. Daga 28 ga Disamba 2024 iyakar ta koma 1,519 a ma'aunin SDR na Asusun Lamuni na Duniya, kusan Dala 2,000 ga kowane fasinja. Ku sayi abin da ya zama dole, ku adana kowane rasit. Bayan an miƙa muku kayan kuna da kwana 21 ku rubuta neman biya. In kuma kwana 21 sun cika ba su zo ba, ana lissafa su a ɓatattu.

Uwar Biyu: Dala dubu biyu? Hajiya ki shiga kanti ki more, har ki sayo mana tsaraba a kuɗinsu.

Baban Ikram: Iyaka na ce, ba kyauta ba. Sabulu, buroshi, kayan ciki, riga biyu uku, su ake biya. Kika sayi jakar gayu, aljihun ɗanki ne.

Ɗan Jega: Alhaji ya leƙa filin ƙwallon Barcelona kuwa kafin ku tafi? A sayo masa rigar kulob ya sa, magana ta ƙare.

Maman Khalifa: Alhaji bai taɓa fita ba kaftani da hula ba, ni kuma ba zan sa wandonsu ba ko za a biya ni. Wani abu kuma, fom ɗin ana rubuta abin da ke ciki? Don akwai kilishi da ɗan man shanu da yaji, Alhaji ba ya iya abincinsu.

Ɗan Yauri: Kash. Yaji ba komai, amma nama da kayan madara haramun ne shigo da su Tarayyar Turai daga waje a kayan matafiyi. Akwatin da ya zo ba mai shi ma sai ya bi ta kwastan. In sun gani za su kwashe, kuma ana iya cin tara. Batun sutura kuwa, ku je unguwar Raval cikin Barcelona, 'yan Pakistan da Maroko sun cika ta, akwai jallabiya da abaya da abincin halal. Yau za ku je, ranar Lahadi yawancin shaguna a rufe suke.

Hajiya Inno: Ki rubuta tufafi kawai ki yi shiru. Wa ya aike ki tona kanki?

Baban Ikram: Launin akwati, girmansa da abu biyu uku da za a gane shi da su suke tambaya. Amma in an tambaye ku abinci kada ku yi ƙarya, kilishi bai kai a ɓata biza a kansa ba. Hajiya har yanzu kuna otal? Rana na yi.

Maman Khalifa: Kilishin nan a leda uku na naɗe shi cikin zane, ba wanda zai ji ƙamshi. Alhaji ya kwanta, yac ce ba inda za shi sai ya huta, kuma ni ba zan shiga bas ni kaɗai a garin da ban jin yarensu ba. Sitika ɗaya na gani bayan fasfonshi, ɗayar ban san inda ta shiga ba. Na kira yaron, shina wurin aiki bai ɗauka ba. Ɗazu wata lamba ta kira layina na gida, mace ce tana ta magana da sauri, na ce ta yi Turanci sai ta katse. Ko su ne?

'Yar Argungu: Mama maganin fa? An turo hoton?

Ɗan Yauri: Ku turo min farkon lambar. In +34 ce daga Sifaniya take.

Baban Ikram: Su ne ko ba su ba, ba fom ba magana. Ku tashe shi.

Uwar Biyu: Hajiya dan Allah in hankali ya kwanta ki tambayar min ɗanki nawa tafiyar ta kama mutum biyu, har da biza.