Ina neman kwikwiyon German Shepherd na asali, yaya zan gane mai kiwon kirki?

Mai Gidan Gona:
Assalamu alaikum. Ina so in sayi kwikwiyon German Shepherd, wanda wasu ke kira Alsatian, don gadin gidan gona a bayan garin Kano. Masu talla sun cika Facebook da WhatsApp, kowa na cewa nasa zalla ne, babu gauraye. Akwai wanda ya ce nasa sati biyar ne, in tura kafin alƙalami ya ɗoro shi a mota. Me ya kamata in duba kafin in ba da kuɗina?

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Malam, wannan mai sati biyar ɗin ka rabu da shi. Ba a raba kwikwiyo da uwarsa sai ya cika sati takwas. A satuttukan nan ne yake koyon sassauta cizo wajen wasa da 'yan'uwansa, kuma wanda aka cire da wuri yakan tashi da tsoro ko faɗan da ba dalili.

Ka je gidan da ƙafarka, ka ce a nuna maka uwar tare da 'ya'yanta. Karyar da ta shayar ba ta ɓuya, nononta a sake yake, gashinta ya ɗan zube. In aka ce uwar tana wani gari, dillali ne ya saro daga hannu daban-daban, kuma a irin wannan haɗe-haɗen ne cutar parvo, mai sa kare amai da zawon jini, take yaɗuwa. Ka tambayi shekarunta da yawan haihuwarta. Karya tana neman barbara kusan duk wata shida, ciki kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Mai son kuɗi yakan haɗa ta tun zuwan farko, kuma ba ya tsallake ko ɗaya. Mai kirki yana jira ta kusa shekara biyu, yana kuma hutar da ita.

Sai katin riga-kafi. A ba da maganin tsutsar ciki tun sati biyu, a maimaita duk bayan sati biyu. Allurar DHLPP, wato riga-kafin cututtuka da dama a haɗe har da parvo, ta farko tsakanin sati shida zuwa takwas, a riƙa maimaitawa duk sati uku ko huɗu har ya kai sati 16. Ta haukan kare kuwa sai ya cika wata uku, saboda haka in ka ga an rubuta ta a katin ɗan sati bakwai, ka san katin na bogi ne. Kowane layi ya zama da takardar da aka ɓamɓaro daga jikin kwalbar, mai lambar rukuni da ranar lalacewa, da sa hannun likita da hatiminsa. Ka kira likitan ka tabbatar. Allurar nan a firji take zama, tsakanin digiri 2 da 8. Wadda ta kwana a zafi saboda rashin wuta ta zama ruwa kawai, shi ya sa ake ganin kwikwiyon da aka ce an yi masa allura yana amai da zawon jini bayan kwana huɗu da saye.

Da hannunka kuma: ɗaga leɓensa ka duba dasashi, ya zama ja-ja. In ya yi fari fat, jini ya yi ƙasa, ko tsutsa ko ciwon da kaska ke sakawa. Leƙa cikin kunne da tsakanin yatsu, nan kaska ke laɓewa. Ido babu kwantsa, hanci babu majina, ƙarƙashin wutsiya a bushe. Shafa cibiya, kada a sami kumburi mai laushi.

Mai Horar da Karnuka:
Likita ya gama da lafiya, bari in taɓa ƙugu, don nan ne raunin wannan jinsin. Da yawansu suna gadon matsalar da kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa. A kwikwiyo ba a ganewa, sai ya girma ka ga yana tashi da ƙyar, yana gudu yana haɗa ƙafafun baya kamar zomo. Saboda haka iyayen ake dubawa. Ƙungiyar SV ta masu kiwon wannan jinsin a Jamus, wadda aka kafa a 1899, tana karɓar hoton ƙashi daga wata 12, ita kuwa OFA, cibiyar tantance ƙashin dabbobi ta Amurka, sai wata 24. In mai kiwon ya ce uban daga waje aka shigo da shi, ya nuna sakamakon, kuma a sa na'ura a karanta ɗan ƙwayar shaida (microchip) da ake dasawa a ƙarƙashin fatarsa. Lamba 15 ce, dole ta yi daidai da ta takarda. In babu, a sa iyayen su yi tafiya da sassarfa a gabanka a kan ƙasa mai tauri, ka tsaya ta baya ka kalli ƙafafun.

Kada kunne ya ruɗe ka. Na ɗan sati takwas yawanci a kwance yake, yana miƙewa ya sake faɗuwa lokacin famfara, sai wajen wata biyar ko shida yake tsayawa. Kuma ga zafin Kano na watan Afrilu, mai gajeren gashi ya fi mai dogo sauƙin riƙo.

Mai Gidan Gona:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. To in babu takardar tsatso, in haƙura ke nan?

Likitan Dabbobi:
A'a. Don gadin gona, iyaye masu lafiya da nutsuwa sun fi takarda amfani, sai dai kada a karɓi kuɗin mai takarda a hannunka. Abin da ba za ka bari ba shi ne yarjejeniya a rubuce: kana da kwana uku ka kai kwikwiyon wurin likitan da kai ka zaɓa, in aka sami cuta mai kiwon ya karɓi abinsa ya mayar da kuɗi. Ka nemi ya haɗa maka da abincin da ya saba ci na sati guda, ka sauya a hankali, don sauyin dare ɗaya yana kawo zawo. In kuma wani kare ya taɓa mutuwa da zawon jini a gonar, ƙwayar parvo tana yin watanni a ƙasa. Ka wanke siminti da ruwan bilic, mudu ɗaya cikin mudu 30 na ruwa, kuma kada kwikwiyon ya taka turɓayar wurin sai sati biyu bayan allurarsa ta ƙarshe.