Ƙafafun Baba na saki, kowane likita da tasa magana

Assalamu alaikum, daga Maradi. Mahaifinmu ya haura shekara 60. Ƙafafunsa sun yi nauyi, in ya yi tafiya ko ya daɗe tsaye a sallah sai su saki. Fitsari ma da ƙyar.

Da farko an ce ciwon baya ne, aka yi gashin ƙashi, shiru. Wani likita ya ce kumburin laka ne, ya ba shi allurar kortikoyid (maganin rage kumburi), sai abin ya ƙazance, ko tsayuwa ta gagara. IRM (hoton cikin jiki) a Yamai ya nuna lakar ta kumbura, ga jijiyoyin jini sun nannaɗe a bayanta, amma ba wanda ya kula su.

Likitoci, don Allah, mu nemi anjiyogarafi, wato hoton jijiyoyin jinin lakar, kafin a ƙara masa allurar?