Sababbin masu koyon Python suna watsewa bayan mako biyu, ina gyaran yake?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Tambayata ga waɗanda suka saba shirya zaman koyon rubuta manhaja. A ce ana haɗuwa duk Asabar, awa biyu, mutum ashirin zuwa ashirin da biyar, ana koyon Python, wani harshen rubuta manhaja. Wasu sun yi nisa, wasu kuwa ko adana fayil sai an nuna musu. Makon farko ɗaki ya cika, a mako na uku ka nemi rabin sababbin ka rasa. Ba a zage su ba, ba a kore su ba, tambaya ma ba sa yi. Wane tsari ake bi su zauna, ba tare da an gundiri waɗanda suka iya ba?

Injiniyan Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Malam. Duba ranar farko tukuna, don galibi a nan ake asarar mutane. Malami ya kai darasi na uku a majigi, wani kuma har yanzu kwamfutarsa ba ta san kalmar python ba, kunya ta hana shi ɗaga hannu.

A ware zama guda cur na girka kayan aiki, kada a koyar da komai a ranar. A Windows, shafin farko na girkawa yana da ɗan akwati a ƙasa da aka rubuta Add python.exe to PATH, kuma ba ya zuwa a cike. Wanda ya tsallake shi, in ya rubuta python sai a ce ba a san umarnin ba, ko kuma Microsoft Store ya buɗe masa. Gyaran bai fi minti biyu ba: a sake girkawa a cika akwatin, ko a rubuta py a maimakon python. Mai tsohuwar laftof da ke kan Windows 7 kuma ya sani cewa Python 3.8 ce ta ƙarshe da za ta hau masa. In ana son kauce wa duk wannan, a ba kowa Thonny, manhajar rubuta Python wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin masu koyo. Da nata Python take zuwa, kuma tana nuna abin da ke cikin kowane suna yayin da shirin ke tafiya layi bayan layi. A zuba ta a filas biyu ko uku, kada mutum ashirin su hau intanet ɗaya suna saukewa. Wanda ba shi da laftof ya sa manhajar Pydroid 3 a wayar Android, ta isa darussan farko.

Sai kurakuran da dole su zo. Ku buga su a takarda ɗaya ku raba:
Tsohon darasin bidiyo da ke rubuta umarnin print babu baka, wato alamar ( ), na Python 2 ne, wadda aka daina kula da ita tun farkon 2020. Abin da umarnin input ke karɓa rubutu ne ko da lamba aka shigar, shi ya sa haɗa shi da lamba ke jawo saƙon kuskure mai suna TypeError. Wanda ya raɗa wa fayil ɗinsa random.py sannan ya kira random, wani kayan aiki da ke zuwa da Python, fayil ɗinsa zai kira, ba na asali ba. Kod, wato rubutun manhaja, da aka kwafo daga Word yakan zo da alamar zance mai lanƙwasa, Python kuwa miƙaƙƙiya kawai ta sani. Akwai kuma namu na gida: rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ cikin fayil a Windows yana iya kawo UnicodeEncodeError, saboda tsarin haruffan da ake buɗe fayil da shi a can bai ƙunshi waɗannan ba. A ƙara encoding="utf-8" cikin open, shi ke nan.

Maman Hanifa:
Injiniya ya gama da na'ura, saura mutane. Ba sai an zagi mutum yake jin an raina shi ba. Akwai wata cibiyar masu rubuta manhaja a New York mai suna Recurse Center da ta kafa ƙa'idojin zama guda huɗu, kuma uku daga ciki sun dace da wannan matsala. Ta farko, kada ka nuna mamaki don wani bai san abu ba. "Au, wai ba ka san manhajar Git ba?" ba ta koyar da komai, illa ta sa ya haɗiye tambaya ta gaba. Ta biyu, kada ka katse mai magana don gyara ƙaramin abin da bai shafi zancen ba. Ta uku, kada ka jefo shawara daga nesa cikin aikin da ba ka zauna ka shiga ba.

Ni zan ƙara guda wadda ta fi su wuyar bi: mai taimako kada ya taɓa madannan kwamfutar mai koyo. Ya tsaya a gefe, ko ya ja kujera ya zauna, ya faɗa da baki, mai koyo ya buga da hannunsa. In ka janye laftof ka gyara cikin daƙiƙa goma, kod ya tashi amma mai shi bai san abin da ya faru ba, gobe ma sai ya jira ka. Kuma a cire "ai wannan mai sauƙi ne" daga baki. Wanda ya kwashe awa guda a kan abin, me ka gaya masa ke nan game da kansa?

Maganin rashin ɗaga hannu kuwa, masu shirya bitar Software Carpentry, wani shirin koyar da rubuta manhaja, sun daɗe da samo shi. Kowa a ba shi 'yan takardu masu manne kala biyu. Ya liƙa ɗaya a bayan murfin laftof in komai lafiya, ɗayar in ya maƙale. Ba sai ya yi magana a gaban jama'a ba, malami kuma da kallo ɗaya ya san ko ya ci gaba ko ya dakata. Wannan ya fi amfani a inda ƙarami ke nauyin tambaya gaban manya, ko mata biyu ke cikin maza ashirin. Ku ba waɗanda suka yi nisa aikin zagayawa, mutum ɗaya ga sababbi biyar.

Baffan Yara:
Hajiya, na yarda da batun madannai, amma a yi hattara kada tarairaya ta koma tauna wa mutum abinci. Wanda ba a koya wa karanta saƙon kuskure ba, ranar da babu mai taimako a kusa zai ajiye. Daga ƙasa ake karanta shi: layin ƙarshe ya faɗi irin kuskuren, a ɗan samansa kuma akwai sunan fayil da lambar layi. In layin da aka nuna lafiya yake, a duba wanda ya gabace shi, sau da yawa baka ce aka buɗe ba a rufe ba. Daga Python 3.10, wadda ta fito a 2021, saƙon ma yana faɗin hakan kai tsaye, har ya ba da shawarar sunan da ake nufi in an yi kuskuren harafi. Dalili ke nan na ƙin girka wa mai koyo tsohuwa in na'urarsa za ta ɗauki sabuwa.

Ku sa doka: minti goma sha biyar kana gwadawa da kanka, in suka cika dole ka tambaya. Tambayar kuma ta zo da abu uku: me nake son ya faru, me ya faru, me na gwada. "Ya ƙi yi" ba tambaya ba ce, amma amsarta ba tsawa ba ce, a ce masa karanto mini layin ƙarshe.

Ɗan Fagge:
Allah ya saka. Saura guda: a raba ɗakin gida biyu ne, ko a bar su a haɗe?

Maman Hanifa:
Raba lokaci, Malam, kada ka raba mutane. Awa ta farko ta sababbi ce, malami yana buga kod a majigi a gabansu, ba ya nuna wanda ya riga ya rubuto ba, in ya yi kuskure ya gyara suna kallo. Minti goma a sha ruwa. Sauran minti hamsin a zauna biyu-biyu a kan ƙaramin aiki, kamar lissafin cinikin shago na mako, sabo ne ke bugawa. Waɗanda suka yi nisa a ba su Asabar ɗaya a wata tasu su kaɗai, su tattauna abin da suke so. Kuma wanda aka ga kujerarsa babu kowa, a kira shi kafin Laraba a tambaye shi a wane layi ya tsaya.