Fitar da baji tudu a kan jakunkunan iska: waɗanda suka yi aikin su ba mu labari

Mai harkar yashi, Gwarimpa

Assalamu alaikum. Muna da baji, wato jirgin ruwa na dakon kaya, mai ɗaukar yashi a Lokoja, ƙasansa ya fara yoyo, kuma masu walda sun ce ba za su taɓa shi ba sai an fitar da shi tudu. Kai shi wurin gyaran jirage na bakin teku zai ci kuɗin da ya kusa fin na gyaran, shi ya sa aka ba ni shawarar manyan jakunkunan robar nan da ake hura wa iska. Ina roƙon duk wanda ya ga aikin da idonsa ya faɗa mana yadda ya kasance.

Injiniya, Kubwa

Wa alaikumus salam, Alhaji. Na yi wannan aiki lokacin da nake Fatakwal, kuma baji mai shimfiɗaɗɗen ƙasa irin naku shi ne mafi sauƙi, domin nauyinsa yana bajewa a kan jakar gaba ɗaya. Ana cusa jakunkunan a ƙarƙashin goshin jirgin ba iska, a hura su da kwamfuresa, injin hura iska, har ya ɗago, sannan winci, wato injin da ke naɗe wayar ƙarfen da aka ɗaure wa jirgin, ya riƙa ja a hankali, jirgin yana hawowa tudu a kansu kamar kayan da aka ɗora a kan gungume. Duk jakar da ta fito ta baya, sai a sace iskarta a kawo ta gaba. A ƙasar Sin aka fara wannan dabara a 1981, a lardin Shandong.

Amma ni a ganina jakar ba ita ce babban aikin ba, ƙasar da za a bi ita ce. Mun fi daɗewa muna share gaɓa da daddaɓe ta fiye da jan jirgin kansa. Idan gangaren ya yi tsini, wayar za ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta, idan kuma ƙasar taɓo ce, jakar za ta nutse ta ƙi juyawa. Haka nan winci sai an ɗaure shi da turken da aka binne da kankare, in ba haka ba jirgin ne zai ja wincin zuwa ruwa.

Mai walda, Nyanya

Injiniya ya faɗi gaskiya, sai dai ina so in ƙara abin da ya shafe mu masu shiga ƙarƙashi. A wani wuri da na yi aiki a Warri, jaka ta taka guntun ƙarfen da aka bari cikin yashi, ta fashe da ƙarar da ta toshe mana kunne, jirgin ya karkata gefe guda. Allah ya kiyaye babu kowa a ƙasa. Tun daga ranar shugaban aikin ya hana tsayuwa daidai bakin jaka, saboda idan ƙarfen bakin ya ɓalle, fita yake yi da ƙarfin gaske. Kuma Alhaji, kada ka yarda a ce mu yi walda jirgi yana kan roba. Sai an jera gumaguman katako ko na kankare, an sace iska a hankali jirgin ya zauna a kansu, an janye jakunkunan nesa da tartsatsi.

Tsohon matuƙin jirgi, Mararaba

A bakin teku ana jiran cikar ruwa ne ta ɗaga jirgin, wadda take zuwa sau biyu a yini. Lokoja ba haka take ba, ruwan Neja da Binuwai na shekara ne: yana kai ƙarshen cika wajen Satumba da Oktoba, sannan ya yi ta janyewa har bazara. Na ga bajin da aka fitar ruwa na cike, gyara ya ja lokaci, da aka zo mayarwa ruwan ya yi nisa, tsakaninsu taɓo ne zalla. Ka kuma leƙa ofishin NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, tunda hedikwatarsu tana nan Lokoja kuma su ke da iko da gaɓar kogin.

Hajiya, jami'ar saye, Wuse

Ni ɓangaren saye na sani. Ka nemi takardar da ta nuna jakar ta cika ƙa'idar ISO 14409, wato ma'aunin ingancin irin waɗannan jakunkuna na ƙasa da ƙasa, ka tambayi yawan shimfiɗar zaren da ke cikin robar, domin shi ke riƙe nauyi. Wani dillali ya taɓa kawo mana waɗanda suka sha rana har robar ta tsattsage, ya shafe su suna ƙyalli. Rana da man inji su ne maƙiyan robar, don haka in haya za ka yi, ka je ka ga inda ake ajiye su.

Mai harkar yashi, Gwarimpa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Injiniya, zan aiko maka da tsawon bajin da faɗinsa da nauyinsa ba kaya, ka taimaka ka lissafa mana jaka nawa za mu nema da girman wincin, kafin in tura yara su fara gyara gaɓar.