Baƙon Lago: Hukunci ne ko Zalunci?

Ɗan Kurmi:

Assalamu alaikum ma'abota waƙa. Yau fim ɗin kaboyi na kawo mana, High Plains Drifter na 1973, wanda Clint Eastwood ya ba da umarni, kuma shi ya fito a baƙon da ba a san sunansa ba. A bakin tafkin Mono da ke Kalifoniya aka gina garin Lago domin fim ɗin. Na buɗe da ƙwar huɗu, kowa ya zo da nasa amsa-amon.

Daga cikin ƙura da zafin rana,
Mahayi ya ɓullo ba shi da suna,
Mutan Lago kowa na ta nuna,
Ba su san abin da ya kawo shi ba.

Ya ɗaure doki ya je wajen aski,
'Yan bindiga uku suka bi shi da tsaki,
Nan take ya gama musu aiki,
Ko kumfar gemunsa ba ta bushe ba.

Manyan gari suka zo jiki na rawa,
Wasu uku daga kurkuku na fitowa,
"Tsare mu, ɗauki komai, ba mai hanawa,"
Amma ba su faɗa masa laifinsu ba.

Jim Duncan ne ɗan dokar garinsu,
Ya gano a filin gwamnati suke haƙar ma'adininsu,
Suka sa ukun da ke fitowa daga kurkuku suka zane shi har lahira a gabansu,
Mazan gari ba su ce "ku bari" ba.

To, baƙon nan hukunci ne ko zalunci?

Baba Mai Sinima:

Ɗana Ɗan Kurmi, sannu da ƙoƙari,
Mun sha kallon kaboyi a Kano muna samari.
Wanda muka saba gani jarumi ne mai tsare gari,
Shi ko wannan ya zo ne ya tona asiri.
Ya ɗauko Mordecai, wada, abin rainin gari,
Ya naɗa shi shugaban 'yan doka, kuma magajin gari.
Mai kanti ya wulaƙanta 'yan asalin ƙasa tun fari,
Ya kwashi barguna da alewa ya ba su, mai kanti jiki na ɓari.
Ya sa aka shafe Lago da jan fenti, ko coci bai bari,
Ya rubuta "Jahannama" a allon da ke bakin gari.
Su suka gina ramin mugunta, ba su gina shi gajere ba tun fari,
Ni na ce hukunci ne, ya faɗa kan masu sharri.

'Yar Damagaram:

Baba, ina gaisuwa, ga 'yarka da maganarta,
Akwai mace a fim ɗin da baitinka ya manta.
Callie Travers ta bangaje shi a hanya, ta zage shi da bakinta,
Ya ja ta cikin bargar dawaki, ya keta haddinta.
Ta iske shi a bahon wanka, ta ɗana bindigarta,
Ya nutse cikin ruwa ya tsira, aka zo aka janye ta.
Ta kai kuka gun manya, ba wanda ya saurare ta,
Sun fi bukatar bindigarsa a kan mutuncinta.
Fim ɗin kansa ya wuce wurin, kamar ba komai aka yi mata,
In wannan ne alƙalin, Baba, wa zai bi mata haƙƙinta?

Almajirin Waƙa:

Yaya, maganarki ba ta da wurin musantawa,
Ga abin da ƙaninku zai ƙara a tattaunawa.
Eastwood ya ce John Wayne, tsohon jarumin kaboyi, ya aiko da wasiƙar tsawatarwa,
Wai an ɓata sunan magabatan da suka share dawa.
Ernest Tidyman ne ya tsara labarin tun farawa,
Kisan wata mace, Kitty Genovese, 1964 a New York, ya sa shi zabura da rubutawa.
Jaridu sun ce maƙwabta sun ji ihu, suka ƙi fitowa,
Ko da yake daga baya an gano labarin ya sha zuzutawa.
Shirun da aka yi wa Duncan yana roƙon a cece shi daga mutuwa,
Shi aka sake yi wa Callie, Lago ba ta san canzawa.

Baba Mai Sinima:

'Yata, ban kira shi waliyyi ba, ban wanke hannunsa,
Amma dubi bulalar da ke firgita shi a mafarkinsa.
Sarah Belding, matar mai otal, ta yunƙura daren kisan, miji ya riƙe ta da ƙarfinsa,
Ita ta ce mamaci ba ya hutawa in ba alama a kabarinsa.
Da ukun suka iso, namijin Lago kowa ya gudu da bindigarsa,
Gari na ci da wuta, na farko bulala ce ajalinsa,
Na biyu rataya, na uku, Stacey Bridges, harsashi ne rabonsa.
Da zai tafi, Mordecai na sassaƙa sunan Duncan a makwancinsa,
Ya ce wa baƙo, "Ban san sunanka ba." "Ka sani" ce amsarsa.
Fatalwa ce ta zo karɓar bashi, kowa ya biya nasa.

'Yar Damagaram:

To Baba, in Duncan ne, ka ƙara nauyi a hujjarka,
Mutumin da aka kashe don ya tsaya a kan doka,
Shi ne zai dawo ya buɗe aikinsa da take doka?
Ko da ta yi shiru a daren nan kamar sauran duka,
Mai kanti kaya ya rasa, mai otal gininsa aka farfasa maka,
Ita kuwa jikinta aka taka.
Baba, wannan baitin nake jira daga alƙalaminka.