Shawarwarin da aka bayar bayan rufe filin tseren motoci

A ƙauyukan Amurka, filin tseren motoci na turɓaya dandali ne na daren Asabar. Da labarin rufe wani irinsa ya bazu saboda asara, direbobi da 'yan kallo sun tattauna, ga kuma abin da na tsinta.

Kusan kowa ya yarda kuɗin ƙofa kaɗai ba ya riƙe fili. Akwai inshora, wutar fitilu, kyautar waɗanda suka ci, da tankar ruwa mai yini tana jiƙa laka don kada ƙura ta turnuƙe 'yan kallo. Ruwan sama ya sauka daren guda, an soke tsere, kuɗin shiri sun tafi ke nan.

Shawarar da ta fi kama hankalina ita ce a riƙa gama tsere da wuri, a bar yara su shiga kyauta, tunda uban da ya kai sha biyun dare da ɗa a kafaɗa ba zai dawo ba. Wasu suka ce a ba da hayar filin ranakun da ba tsere, ko direbobi su yi karo-karo su karɓe shi.

An kuma ja kunne a yi hanzari. Filin tsere na Manzanita da ke birnin Phoenix a Amurka, da aka sayar a 2009, bai sake buɗewa ba.