Dan Allah ku ban shawara, 'yata mai shekara 4 tana neman fin ƙarfina

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wlh abin ne ya isheni shi yasa na kawo nan. 'Yata shekararta 4 da wata 2, tana nazire anan Ɗorayi, yarinyar nan in tace a'a to ko sama da ƙasa zasu haɗe a'a ɗin ce. Yau da safe mai adaidaitan da yake kwasarsu yana ƙofar gida yana ta hon, sauran yara na ciki suna jira, ita kuma ta cire safa ta cilla bayan firij wai takalmin sallah zata sa, mai ƙwas ƙwas ɗin nan. Na lallaɓa, nai tsawa, ƙarshe na ɗan tsula mata a ƙafa, ai kuwa ta zube a tsakar gida tana birgima, yunifom ɗin da na goge da dutsen gawayi tun asuba saboda ba wuta ya koma kamar tsumman goge-goge. Mai adaidaita yai tafiyarsa, sai babanta ne ya kaita a mashin yana ta faɗa wai ni na sangarta ta.

Abinci ma haka, a bata koko da ƙosai tace Indomie, a dafa Indomie tace ba a wannan kwanon ba. Abin haushin kuma malamarsu cewa take ai Ummi ba ruwanta, ko motsin kirki bata yi a aji. Sannan sunan surukata ne da ita, gida ɗaya muke, da na ɗaga murya sai ta sheƙa sashen Hajiya, Hajiya tace a bar mata takwararta, har da alawa. Ni yanzu ya zanyi?

Malamar Nazire:
Wa alaikumus salam Maman Ummi. Kafin komai, ƙarfe nawa take kwanciya? Dan yawancin rigimar safe da nake gani a ajina ta rashin bacci ce ba ta hali ba. Yaro ɗan shekara 3 zuwa 5 ana so ya samu bacci awa 10 zuwa 13 a wuni da kwana, har da na rana. In 6 kike tashinta to 8 na dare ya kamata ace tayi nisa, bayan isha'i kenan ba ɓata lokaci. Waya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa 'yan shekara 3 zuwa 4 kar kallonsu ya wuce awa 1 a rana, in ƙasa da haka ne ma yafi.

Na biyu ki daina tambayarta abin da ba zaɓi a ciki. Kar kice zaki sa safa? Kice wacce zaki fara sawa, ta dama ko ta hagu? Kwano ja ko kore? Abin dariya ne amma yana aiki, irin waɗannan yaran so suke aji suma suna da ta cewa. Takalmin sallar kuwa ki ɗauke shi daga inda idonta zai gani tun da daddare, shike nan kin kashe faɗa ɗaya. Shirun da take a makaranta kar ya baki mamaki, can dokar bata canzawa, jiya da yau duk ɗaya ne, a gida ne ta gano akwai ƙofar da in ta tura zata buɗe.

Baban Yara Kurna:
Hajiya kiyi haƙuri amma gaskiya ɗaya ce, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka taso wa ya taɓa tambayarmu kwano ja ko kore? Kallo ɗaya tsohuwa zata maka ka nutsu. Ki samu 'yar dorina ki rataye a falo, ba sai kin daka kullum ba, ganinta ma magani ne. Wannan lallashin na zamani shi ya lalata mana yara.

Uwar Biyar:
Malam Baban Yara, kallon da tsohuwa take maka ka nutsu ai ba dorina ce ta kawo shi ba, sanin da kayi ne in ta faɗi magana bata sauka. Nan ne gizo yake saƙar.

Maman Ummi 'yar uwa nasha irin naki da na ukuna, namiji. Duka kam ya sha har na fara jin kunyar maƙota, ƙarshe sai ya zama in na ɗau bulala miƙo min hannu yake yana kallon cikin idona, ko ƙwalla babu, ga ƙarya da ya koya dan ya tsira. Ranar da na dawo hayyacina a Kasuwar Rimi ne, ya ga balan-balan yace sai na siya, nace a'a, ya kwanta a gaban masu kayan miya yana shure-shure har ya tunkuɗe tiren wata mai tattasai. Mutane suka taru, wannan yace siya masa mana Hajiya nawa ne, wancan yace zane shi. Ni dai na biya tattasan da ya fashe, na tsuguna gefensa da kayana nace in ka gama ka tashi mu tafi, ban ƙara ko kalma ba. Gumi nake wlh kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ya gaji dan kansa ya miƙe ya kama gefen hijabina yana ajiyar zuciya har bakin titi. Ya sake gwadawa bayan nan, ba wai ya daina tashi ɗaya ba, amma kowanne yafi na baya gajarta tunda ya ga kukan baya siyo komai.

Kuma ko ta fuskar addini, Anas bin Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara 10 tun yana yaro, yace ko tir bai taɓa ce masa ba. Sallah da kanta sai a shekara 7 aka ce a fara umartar yaro, to ina ga safa a shekara 4.

Maganar Hajiya ita tafi wuya, kuma dan Allah kar ki kuskura kiyi mata da bakinki, surukuta ce, ƙaramar magana zata zama babba. Ɗanta ne zai zauna da ita cikin raha. Ni da nice ma jawota zanyi jikina, ince Hajiya takwararki taƙi jin tawa, ko ke zaki dinga shiryata da safe? Tsofaffi suna son a basu girmansu, kuma in ta ɗanɗana damben safa na kwana biyu da kanta zata daina raba alawa. Ki dinga bata ɗan aiki ma, tsintar wake, miƙo ludayi, shanya safarta, masu kafiyar nan akwai son a yaba musu.

Maman Ummi:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Malama kin kama ni, sai wajen 11 take bacci dan jiran babanta take ya dawo daga kasuwar Kwari, kuma wayata ce a hannunta har lokacin dan ta barni in gama wanke-wanke. Kwana uku kenan ina kwantar da ita bayan isha'i, daren farko tayi kukan kusan awa guda har Hajiya ta leƙo ta taga tana tambayar wa ya taɓa ta. Jiya da shekaranjiya an shirya lafiya lau, har ta riga mai adaidaita fita. Yau kuwa nace kwano ja ko kore tace ita a murfin tukunya zata ci, na zuba mata a murfin. Anti Uwar Biyar, babanta yace shi bazai iya tunkarar Hajiya da zancen ba wai in bari sai ƙanwarsa tazo ranar Juma'a, kina ganin in sako ƙanwar tasa a ciki ko zai zama kamar na kai ƙara?